Kanwa, Gero da Ruwa: Tarihin Ƙishirwar Doki a Bargar Ƙasar Hausa

Idan sallah ta ƙarato a Damagaram, ko Maraɗi, ko Tsibirin Gobir, aiki yakan ƙaru a gidajen masu dawaki. A ƙara wa doki gero, a jiƙa masa dusa, a sayo dammunan harawa, a daka kanwa a barbaɗa masa, domin ranar hawa ya fito da cikakken ƙirji da kuturi mai sheƙi. Ba a daɗewa da fara wannan kiwo sai a ga dokin yana shanye ruwan da a da yakan rage, ƙasar da ke kewaye da turkensa kuma ta kwana a jiƙe sharkaf. Wani mai doki ya yi murna, ya ce kanwa ta kama jiki. Wani kuma ya yi shiru, don ya taɓa ganin dokin da ya sha ruwa haka, ya yi fitsari haka, amma ya yi ta zubewa har ana ƙirga haƙarƙarinsa, daga bisani ya mutu a turke. Kowane ɗayansu yana da hujja, domin alamar guda ce, musabbabinta ne ya sha bamban. Rarrabe ƙishirwar da ke tafe da ƙiba daga ƙishirwar da ke cin jiki tsohon aiki ne a ƙasar Hausa, kuma tarihinsa ya bi ta fagen yaƙi da hanyoyin fatake kafin ya iso ɗakin likitan dabbobi.

Dalilin neman babban doki

Ba don ado aka fara neman doki mai jiki ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, ya kuma nuna cewa yana aika dawaki zuwa Kwararrafa ana ba shi bayi. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi, a rufe doki da mahayinsa don kibiya ta kasa ratsawa. Ƙuru, wato ɗan ƙaramin dokin da aka daɗe da shi a ƙasashen nan, ba ya iya ɗaukar wannan nauyi ya kuma yi sukuwa da shi cikin rana. Saboda haka aka koma neman ingarma daga arewa da gabas, daga Asbin da Barno da bayan hamada. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa Sarkin Barno yana sayen doki guda daga fataken arewacin Afirka da bayi 15 ko 20. Wannan farashi kaɗai ya isa ya nuna inda doki ya tsaya a ma'aunin masu mulki, ya kuma tuna da waɗanda aka biya da rayukansu.

A ƙarni na 19 buƙatar ta daɗa tsananta a yankin da yake kudancin Nijar a yau. Bayan da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Katsina, suka kuma ci Alƙalawa a 1808, zuriyar sarakunan Katsina suka kafu a Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Waɗannan garuruwa biyu sun rayu shekaru da dama a kan hari da ramuwar hari, kuma hari aikin mahaya ne. A gabas, Damagaram ta bunƙasa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya gina ganuwar birnin, ya tara bindigogi, ya sa aka ƙera igwa. Duk da haka bindiga ba ta kori doki daga fage ba, domin ita ba ta bin sawun wanda ya gudu.

Irin wannan doki ba a sakinsa daji kamar saniya. A ɗaure yake a barga, a kawo masa ci da sha, kuma kowane ɗaya yana buƙatar mai yanko ciyawa da mai ɗebo ruwa da mai share ƙasa. Daga nan sarautu suka samo sunayensu: Madawaki da Ubandawaki a kan mahaya, Shamaki kuma a fadoji da dama a kan barga. Asara ma ba ta yankewa. Dokin da aka kai kudu, inda ƙudan tsando yake, yakan dawo da sammore ya rame ya mutu. Wanda ya tsira daga wannan, ga ciwon ciki, ga raunin mashi. Mai kula da barga yana riƙe da dukiya mai tsada wadda take saurin lalacewa, shi ya sa idonsa ya koyi lura da abubuwan da wani ba zai kula da su ba: yawan ruwan da ya ragu a komi, da launin fitsari, da taurin kashi, da yadda gashi ke kwanciya.

Abin da ake zubawa a komi

Abincin dokin barga bai canza sosai ba tun wancan zamani. Gero da dawa su ne ƙarfi. Dusa da ƙasari suna zuwa daga turmin gida. Ciyawa ɗanya da damina, ingirici da rani, sai harawar wake wadda ake ɗaurewa dami-dami a ajiye a kan rumfa ko a reshen itace. Daga shekarun 1930 zuwa na 1960, lokacin da gyaɗa ta zama babbar hajar Maraɗi da Damagaram, harawar gyaɗa da tunkuza suka ƙaru a cikin lissafin.

Binciken zamani ya nuna cewa haɗa dusa da harawa dabara ce mai tushe. Dusa tana da sinadarin fosforas da yawa, kalsiyam kuwa kaɗan. Dokin da aka dulmuya da dusa zalla jikinsa yakan janye kalsiyam daga ƙashi, har ƙasusuwan fuska su kumbura, ƙafafu su yi rauni. A Turai an daɗe da sanin wannan ciwo a dawakin masu injin niƙa, waɗanda dusa ta fi komai araha a hannunsu. Harawa kuwa, da yake daga dangin wake take, tana da kalsiyam da furotin masu yawa, sai ta cike giɓin da dusa ta bari. Amma tana da nata tasiri: rarar furotin ta hanyar ƙoda take fita, don haka dokin da ke cin harawa da yawa yakan ƙara shan ruwa, fitsarinsa ya ƙaru, warinsa ya yi kaifi. Wannan shi ne musabbabi na farko na jiƙewar turke, kuma ba cuta ba ne.

Na biyu shi ne kanwa. Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa hanyar samunta ba. Farar kanwa tana fitowa daga kwaruruwan Manga da Muniyo a gabashin Damagaram, ungurnu daga gabashin tafkin Cadi, gishirin kantu da beza kuma daga Bilma da Fashi a bayan raƙuman ayari. A yamma akwai Dallol Boso da Dallol Foga. Heinrich Barth, matafiyin Jamus da aka sani da Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri daga Asbin zuwa Damargu, ya iso Tasawa a farkon 1851, ya ga yadda wannan fatauci ke ciyar da garuruwa. Paul Lovejoy, wanda ya wallafa littafi a kan tarihin gishiri da kanwa na yankin a 1986, ya nuna cewa kaso babba na wannan haja cikin dabbobi take shiga. Makiyayan da ke haɗuwa a Ingal kowace ƙarshen damina don dabbobinsu su lashi ƙasa mai gishiri, buƙata ɗaya suke biya da mai dokin birni.

Buƙatar gaskiya ce. Hatsi da ciyawa ba su da isasshen sodiyam, gumin doki kuwa cike yake da gishiri, kuma dokin da ke aiki mai tsanani cikin zafi yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a sa'a guda. Idan gishiri ya yi ƙaranci a jikinsa, sai cin abinci ya ragu, ya riƙa lasar ƙasa da bango, ya yi la'asar. Da zarar an ba shi kanwa, cikinsa ya buɗe, ya ci, ya sha, ya murmure. Wanda ya ga haka sau ɗaya zai ɗauka kanwa ce ke sa ƙiba, kuma daga nan ne kuskuren yake farawa, domin kanwa ba ta da abin gina tsoka ko kitse ko kaɗan. Babban dokin da ke hutawa gishirin da yake buƙata a yini bai wuce giram 25 zuwa 30 ba, kimanin cokali biyu. Abin da ya haura buƙata, ƙoda ce za ta fitar da shi, kuma ba ta fitar da gishiri sai da ruwa. Ga shi kanwa ba iri ɗaya ba ce: wata ta fi gishiri, wata ta fi yashi, wata tana ɗauke da sinadarin da ke sa gudawa. Awon tafin hannu da ya yi daidai da wannan dunƙule yana iya yin yawa da wancan.

Ruwa, iyakar mahaya

Wanda ya ƙara wa doki ƙishirwa a barga sai ya biya bashin a hanya. Dokin ƙasar nan mai nauyin kilo 350 yana shan kimanin lita 20 a yini lokacin sanyi idan yana hutawa, da bazara kuwa ko a kan tafiya abin yakan ninka ko ya fi. Rundunar mahaya dubu ɗaya, ke nan, tana iya buƙatar lita 40,000 kowace rana, ban da mutane da raƙuma da jakai. In guga na ɗaukar lita 10, za a jefa shi rijiya sau 4,000. Yaƙi kuma da rani aka fi yinsa, bayan an kawar da amfanin gona, daidai lokacin da tafkuna ke ƙafewa. Saboda haka hanyar mayaƙa hanyar rijiyoyi ce, kuma garin da ya cike rijiyarsa kafin ya gudu ya riga ya yi rabin yaƙi.

Dajin Gundumi, da ke kan hanyar Katsina zuwa Sakkwato, ya zama abin misali. Saboda tsoron mahayan Gobir da Maraɗi, matafiya ba sa yada zango a cikinsa, sai su haɗu da yawa su ratsa shi dare da rana. Hugh Clapperton na Birtaniya ya bi ta nan a 1824, ya ba da labarin yadda ƙishirwa ta galabaitar da mutane da dabbobi kafin a kai ga ruwa. Barth ya ratsa shi a 1853 a tafiyar da ta haura kwana guda cur ba hutawa. A irin wannan hanya, doki mai teɓa wanda ya saba da kanwa da komi cike shi ne na farkon sarewa.

Malamai sun san wannan darasi daga littattafansu. A cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim akwai ruwayar Abdullahi ɗan Umar game da tseren dawaki a Madina a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Dawakin da aka horar sun yi tseren kimanin mil shida, waɗanda ba a horar ba kuwa kimanin mil ɗaya aka yanka musu. Masu sharhi sun bayyana wannan horo, wanda Larabawa ke kira talmiri: a ciyar da doki har ya ƙiba ya yi ƙarfi, sa'an nan a rage masa abinci sannu a hankali, a lulluɓe shi ya yi gumi, har kitse ya narke tsoka ta tsaya. A wannan fahimta ƙiba zango ce a kan hanya, abin da ake nufa shi ne juriya.

Zuwan likitan dabbobi

A Turai ma doki ne ya haifar da ilimin likitancin dabbobi na zamani. Claude Bourgelat, wanda malamin koyar da hawa ne, shi ya kafa makarantar farko ta wannan fanni a birnin Liyon na Faransa, ta fara karatu a 1762. A 1831 William Youatt ya fitar da littafinsa a kan doki a Landan, ya keɓe wa yawan fitsari sashe, ya kuma ɗora laifin a kan ciyawar da ta ruɓe a tari da hatsin da ya yi fumfuna, da kuma yawan ɗura wa doki magungunan sa fitsari. Masu dawakin karusa da na soja a wancan ƙarni sun sha ganin barga guda ta kamu gaba ɗaya, kuma ciwon ya lafa da zarar an canza abinci. Darasin ya shafi duk wanda ke kwashe ƙasan rumbu ya ba doki, ko ya sayi tunkuzar da ta sha danshi. Fumfunar gyaɗa ma an gano dafin da ke cikinta ne bayan mutuwar dubban talo-talo a Ingila a 1960, kuma dafi ne mai lalata hanta.

Shi kuwa ciwon ramar da ke bin dawaki da raƙuma, Griffith Evans ne ya fara ganin ƙwayarsa a cikin jini a Indiya a 1880, David Bruce kuma ya danganta irinsa da ƙudan tsando a kudancin Afirka a 1895. Ba a daɗe ba sai zamanin mahaya ya ƙare a nan. Sojojin Faransa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a 1899, suka shiga Damagaram. Doki ya bar fagen fama ya koma na rangadi da karɓar haraji da hawan sallah. Ma'aikatar kiwo ta mulkin mallaka ta fi mai da hankali ga shanu da annobarsu, amma da ita ne allura da madubin gwajin jini suka shigo. Bayan samun mulkin kai, makarantar likitancin dabbobi ta ƙasashen yankin da aka buɗe a Dakar a 1968 ta horar da ƴan Nijar da dama. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka tsananta tsadar hatsi, mota da babur suka karɓe aikin sufuri, har doki ya zama abin da ake riƙewa don martaba da sha'awa da sukuwa. Wannan sauyi yana da sakamako a jikin dabbar. Dokin da ba ya zuwa yaƙi yana daɗewa a duniya, yana kuma daɗewa a tsaye, kuma tsufa da zaman banza kowannensu yana da irin ƙishirwarsa.

Abin da awo ya bayyana

Abin da likitanci ya ƙara a kan idon Shamaki shi ne adadi. Doki lafiyayye yana shan kimanin lita 5 zuwa 6 a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a yini. Idan ya haura lita 10 a kan kowane kilo 100, alhali ba zafi mai tsanani, ba aiki, ba kuma goɗiya ce mai shayarwa ba, to abin ya wuce misali. Ga doki mai kilo 350, iyakar ita ce lita 35. Fitsarin doki lafiyayye kuma ba garau yake ba. Yana da kauri da duhu-duhu da ɗan yauƙi, saboda ƙodar doki tana fitar da rarar kalsiyam a cikinsa. Wanda bai saba ba yakan tsorata da wannan kauri, alhali fitsarin da ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ya zama kamar ruwan randa, kullum, safe da yamma.

Idan aka cire harawa da kanwa da zafin gari, musabbabin da likitoci suka fi samu a dokin da ke ɗaure shi ne sabo. Dabba ce da aka halitta don yawo da kiwo mafi yawan yini. In aka tsayar da ita a turke, ta cinye rabonta cikin sa'a biyu, babu abin yi sai wasa da ruwa, har shan ya zama ɗabi'a. Irin wannan doki jikinsa a cike yake, ƙodarsa lafiya lau, maganinsa kuwa motsa jiki da yawaita ciyawar da zai daɗe yana tauna.

Sauran musabbaban su ne masu tafe da rama. Na farko lalacewar ƙoda. Ƙoda ba ta nuna gazawa sai kusan kashi biyu cikin uku na aikinta ya tafi, sa'an nan ta kasa tace fitsari ya yi kauri, doki ya riƙa zubar da ruwa yana sha don ya mayar. Babbar alamarta zubewar jiki da rashin son abinci, wani lokaci da kumburi a ƙarƙashin ciki. A nan ne al'ada take iya yin kisa da kyakkyawar niyya: mai doki ya ga rama, ya ƙara harawa da kanwa, alhali furotin da kalsiyam da gishiri su ne nauyin da wannan ƙoda ba ta iya ɗauka. Wasu magungunan da ake saye a kasuwa ba da umurnin likita ba, irin allurar jantamaisin da maganin ciwon gaɓɓai na fenilbutazon, suna iya ƙone ƙoda, musamman in an yi wa dokin da ke cikin ƙishirwa.

Na biyu ciwon tsufa ne da ake kira cutar Kushin, da sunan Harvey Cushing, likitan Amurka da ya bayyana makamancinta a jikin ɗan Adam a 1932. A wannan shekara ce kuma aka fara bayyana ta a jikin doki a Jamus. Tushenta wata ƴar tsoka ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda ke sarrafa sinadaran jiki, sai ta kumbura ta riƙa aiki fiye da kima. An fi ganinta a dokin da ya haura shekara 15: gashi ya yi tsawo ya ƙi zuba, tsokar baya ta narke, ciki ya sauko, rauni ya ƙi warkewa, cikin kofato ya riƙa kumbura, sha da fitsari su ƙaru. Ba a warkar da ita, amma akwai ƙwayar fagolaid da ake ba doki kullum ta sassauta ta. Ciwon sukari kuwa, wanda shi ne ke fara zuwa zuciyar mutane in an ce yawan fitsari, ba kasafai yake kama doki ba.

Gaggawar ƙiba

Haɗarin da tsofaffin barga ba su sani ba shi ne ƙibar kwalba. Magungunan dangin kotizon, irin deksametazon, suna buɗe ciki su sa jiki ya riƙe ruwa, dabba ta yi kamar ta cika cikin ƴan kwanaki. Su ɗin ma suna haddasa yawan sha da fitsari, suna raunana garkuwar jiki, suna cinye tsoka in an daɗe ana ba da su, kuma ana danganta su da kumburin cikin kofato, ciwon da kan hana doki taka ƙasa har abada. Yawan gero a lokaci guda yana kai wa ga wannan ƙarshe ta wata hanya. Tumbin doki ƙarami ne, bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. Hatsin da ya fi ƙarfin ƙaramin hanji yakan wuce babban hanji ya yi tsami, daga nan sai murɗar ciki ko ciwon kofato. Tiya guda ta gero, wadda ta kai kilo biyu da rabi, ta yi wa doki mai kilo 350 yawa a ci ɗaya. Rabinta ya isa, a maimaita sau biyu ko uku a yini gwargwadon aikinsa.

Hanyar da ta tabbata a hankali take tafiya. Kafin a ƙara abinci, a duba haƙora, domin na doki suna ci gaba da fitowa har tsufa, kuma kaifinsu yana yanka kunci ya hana tauna. A yi maganin tsutsar ciki, a gwada jini in ana zaton sammore. Ciyawa da harawa su ne gindin abinci, aƙalla kilo ɗaya da rabi na busasshe a kan kowane kilo 100 na nauyin doki. Duk wani sabon abu a shigo da shi cikin kwana 10 zuwa 14. Ɗan man gyaɗa a kan dusa yana ƙara ƙarfi ba tare da haɗarin tsamin hatsi ba. Dokin da yunwa ta kassara kuwa, cika masa komi da gero rana ɗaya yana iya kashe shi cikin ƴan kwanaki, sai dai a fara da harawa kaɗan-kaɗan sau da yawa. A 1983 Don Henneke ya fitar da ma'aunin jikin doki a jihar Tekzas ta Amurka, daga mataki na 1, ƙashi da fata, zuwa na 9, teɓa, inda ake shafa wuya da haƙarƙari da gindin wutsiya. Na 5 shi ne madaidaici: ba a ganin haƙarƙari, amma hannu yana jinsu. Hawa mataki guda yana buƙatar kilo 16 zuwa 20, abin da kan ɗauki wajen wata biyu. Mai son dokinsa ya cika ranar babbar sallah, tun ƙaramar sallah zai fara, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abin da bai kamata a yi ba ko da wasa, wato hana ruwa. Mutum yakan ga jiƙewar turke ya ce bari ya rage sha don fitsari ya ragu. In sabo ne ke sa dokin sha, ana iya rage masa a hankali bayan likita ya tabbatar da lafiyar ƙoda. In kuwa ƙodar ce ta gaza, ruwan nan shi ke riƙe da ransa, kuma yini guda na hani ya isa ya kwantar da shi.

Hawan sallah yana nan da ransa. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, kuma a fadojin Damagaram da Maraɗi da Tsibiri mahaya suna fitowa kowace shekara a gaban jama'a. Abin da ɗan kallo ke gani shi ne alkyabba da rawani da linzami mai ado. Lafiyar abin hawan kuwa a barga ake yanke hukuncinta, makonni kafin a buga tambari. Mai dokin yau ya gaji ido daga Shamaki, ya kuma samu abin da Shamaki bai samu ba: jarka mai lita 25 wadda za a iya ƙirga ta. Ya auna abin da dokin ya sha kwana uku a jere, ya janye kanwa mako guda ya sake aunawa, ya shafa haƙarƙari, ya dubi launin abin da ya zuba a ƙasa. In sha ya ragu kuma jiki yana cika, kiwo ne ke tafiya daidai. In sha bai ragu ba kuma sirdi ya fara yi wa bayan yawa, to lokacin kiran likitan dabbobi ya yi, tun dokin yana tsaye da ƙafafunsa.